Aikin Raya Gari da Masu Tantance Muhalli: Don Mi Takarda Take Daɗewa?

Ya kai mai karatu, wataƙila wannan ya taɓa faruwa a garinku. An yi taro, an ce an samu kuɗin gina madatsar ruwa a ƙoramar da ke cinye muku gonaki. Injiniya ya zo ya auna, samari sun fara tara duwatsu. Sai magana ta tsaya. In ka tambaya, a ce maka: "Takardar muhalli ce ba ta fito ba." Wata ya wuce, wani ya bi shi, har hadari ya fara haɗuwa a gabas. Daga nan kowa ya san shekarar ta tafi, domin ba a gini a cikin ƙorama da damina.

Wannan darasi zai bayyana maka wace ce takardar nan, su wa ke duba ta, da dalilan da ke sa ta jinkiri. Wani jinkirin daga ofis yake fitowa, wani kuma daga gari. Na ofis ba ya hannunka. Na gari kuwa, kai da ƴan kwamitinku kuna iya kauce masa idan kun san hanya tun da wuri.

Mi ne ne binciken tasiri ga muhalli?

Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mu wanda rayuwarmu ta dogara da shi: ƙasa, ruwa, iska, itatuwa, ciyawa, dabbobin gida da na daji. Kowane babban aiki yana taɓa ɗaya daga cikinsu. Madatsa tana tsare ruwan da wasu ke jira a ƙasanta. Hanyar mota tana ratsa gonaki. Mahauta da majema suna fitar da ƙazamin ruwa. Juji yana iya gurɓata rijiyar da ke kusa da shi.

Binciken tasiri shi ne a zauna tun kafin a sa diga a ƙasa, a amsa tambayoyi huɗu:

1. Wane amfani aikin zai kawo, kuma ga wa?
2. Wace ɓarna zai iya yi, kuma ga wa?
3. Ta yaya za a kauce wa ɓarnar, ko a rage ta?
4. Abin da ba a iya kauce masa ba, wa zai biya diyyarsa?

Mutum uku ne ke cikin wannan sha'ani, kuma ya kamata ka rarrabe su. Na farko shi ne mai aiki, wato wanda zai yi ginin: gwamnati, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiya, ko kamfani. Na biyu shi ne mai bincike, ƙwararren da mai aiki ya ɗauka domin ya rubuta rahoto. Na uku su ne masu tantancewa, ma'aikatan hukuma da ke karanta rahoton su ce ya yi ko bai yi ba. Mai aiki ne yake biyan kuɗin binciken.

Dokokin da suka kafa shi a Nijar

Ƙasar Amurka ce ta fara wajabta irin wannan bincike, da wata doka da ta fara aiki a 1970. A 1992, babban taron duniya kan muhalli da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Birazil ya nemi kowace ƙasa ta riƙa yin sa. A Nijar ga yadda abin ya tafi:

- 10 ga Janairu 1997: doka mai lamba 97-001 ta shigo da binciken tasiri cikin tsarin ƙasa.
- 29 ga Disamba 1998: babbar dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta ƙarfafa shi.
- 2000: an fitar da ƙa'idojin da suka tsara matakan da takarda za ta bi. Ofishin da ke dubawa a lokacin shi ne BEEEI.
- 14 ga Mayu 2018: doka mai lamba 2018-28 ta sabunta tsarin, ta kafa Ofishin Ƙasa na Tantance Muhalli, wanda ake kira BNEE, a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli.
- 11 ga Janairu 2019: ƙa'ida mai lamba 2019-027 ta bayyana yadda za a yi aiki da dokar 2018.

Akwai wasu dokoki da masu tantancewa ke ajiyewa kusa da su. Tsarin dokokin karkara na 1993 shi ne tushen kwamitocin filaye na gari, na ƙaramar hukuma da na gunduma, waɗanda ake kira Kofo. Dokar gandun daji ta 2004 tana kare itatuwa. Dokar ruwa da dokar kiwo duka na 2010 ne, kuma ta kiwon ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin tafiya da dabbobinsu. Dokar karɓar fili domin amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce sai an biya diyya ta adalci kafin a karɓa.

Ba kowane aiki ne ke buƙatar babban bincike ba

Ƙa'idar 2019 ta kasa ayyuka rukuni huɗu:

- Rukunin A: manyan ayyuka masu iya yin ɓarna mai yawa, kamar babbar madatsa, haƙar ma'adinai ko matatar mai. Suna buƙatar cikakken bincike.
- Rukunin B: ayyukan da ɓarnarsu ba ta kai ta na farko ba. Taƙaitaccen bincike ya ishe su.
- Rukunin C: ƙananan ayyuka. Ana ba su jerin sharuɗɗa da za su kiyaye.
- Rukunin D: ayyukan da ba a neman wani mataki na musamman a kansu.

Madatsar Kandaji da ke kan kogin Kwara a jihar Tilaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008, misali ce ta babban aiki, domin tana buƙatar tayar da dubban mutane daga garuruwansu. Yawancin ayyukan ƙauye ba su kai haka ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai aiki ita ce: "A wane rukuni aka sa aikinmu?" Amsar ce za ta nuna maka tsawon tafiyar. Hukuma ce take yanke rukunin, ba mai aiki ba.

Matakan da takarda ke bi

1. Sanarwa. Mai aiki ya rubuta wa hukuma bayanin aikin da wurin da za a yi shi.
2. Rarrabewa. Hukuma ta duba ta sa aikin a rukuninsa.
3. Iyakar bincike. A rubuta abubuwan da binciken zai duba, hukuma ta amince da su.
4. Bincike. Ƙwararre ya zo gari, ya auna, ya tattauna da jama'a, ya rubuta rahoto. A cikin rahoton akwai tsarin kula da muhalli da jama'a, inda ake jera kowane alkawari da kuɗinsa da wanda zai cika shi.
5. Tantancewa. Ma'aikata su zo su ga wurin da idonsu, su ji ra'ayin jama'a. Sannan a kira zama na wakilan ma'aikatu daban-daban, su karanta rahoton, su ba da gyare-gyare.
6. Gyara. Mai bincike ya shigar da gyare-gyaren, ya mayar da rahoton.
7. Hukunci. Ministan muhalli ya sa hannu a takardar shaidar dacewa da muhalli, tare da kundin sharuɗɗan da mai aiki ya ɗauka.
8. Bibiya. Bayan an fara gini, hukuma ta riƙa zuwa tana duba ko ana cika sharuɗɗan.

A kowane mataki takarda tana iya kwana. Idan an ce maka "tana Yamai", ka nemi a faɗa maka a mataki na nawa take.

Abubuwan da ke ɓata wa mutane rai

Injiniyoyi, ƴan kwangila da ƴan kwamiti suna da koke-koke iri ɗaya a kan wannan tsari. Ga manyansu, da abin da ke haddasa kowane ɗaya.

Kalandar ofis ba ta san damina ba. Aikin ƙorama da na fadama ana yin su ne tsakanin ƙarshen girbi da saukar ruwa, wato daga wajen Nuwamba zuwa Mayu. Jinkirin wata biyu a ofis yana iya zama asarar shekara guda a gari. Ga shi kuma kuɗin masu ba da tallafi yana da wa'adi, idan ya cika ba a kashe ba yakan koma inda ya fito. Kafin shekara ta zagayo, farashin siminti da na ƙarfe ma sun canza.

Gyara yana zuwa kashi-kashi. An amsa tambayoyin farko, an mayar da rahoto, sai ga wasu sababbi da ba a ambata ba tun farko. Sau da yawa dalilin shi ne wanda ya karanta da farko ba shi ne ya karanta na biyu ba. Ko an yi masa canjin wurin aiki, ko wata ma'aikata ta aiko da sabon wakili.

Masu dubawa suna saɓa wa juna. Na ruwa yana son madatsa ta yi tsawo domin ta tara ruwa da yawa. Na kiwo yana son a bar mashaya a buɗe. Na gandun daji ba ya son a taɓa itatuwan gawo da ke bakin ƙoramar. Na kiwon lafiya yana tsoron sauro. Kowannensu yana da doka a bayansa, injiniya kuwa zane ɗaya zai yi.

Ana duba abu ɗaya sau biyu. Idan kuɗin aikin daga wata babbar cibiya ya fito, ita ma tana da nata masu tantancewa. Bankin Duniya, alal misali, ya fara aiki da sabon tsari mai mizani 10 a 2018. Rahoton da hukumar ƙasa ta amince da shi yana iya dawowa daga wurin mai tallafi da wasu tambayoyi, a sake gyara shi, a sake jira.

Wani gyaran bai taɓa ainihin aikin ba. Akan mayar da rahoto domin lambar wata doka ba ta yi daidai ba, ko taswira ba ta da alamar arewa, ko an jera babi ba yadda aka saba ba. Wannan shi ne ya fi ƙona ran injiniyan da ya kwana yana lissafin ƙarfin ambaliya.

Ma'aikata kaɗan ne, ƙasar kuwa tana da faɗi. Daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce. Zuwa ganin wuri yana buƙatar mota, mai da guzuri, kuma zaman tantancewa ba ya yiwuwa sai an tara wakilai da yawa a rana ɗaya. Idan mai aiki bai sa kuɗin waɗannan a cikin kasafinsa ba, takarda takan zauna ba don wani ya ƙi ta ba.

Rahoton da faransanci yake. Yakan yi shafuka masu yawa, cike da kalmomin ƙwararru. Mutanen da aikin ya shafa ba sa iya karanta shi, sai su ga kamar ana yanke hukunci a kan gonakinsu a bayan idonsu.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen kuma. Masu tantancewa ma suna da nasu kuka. Akan kawo musu rahoton da aka kwafo daga na wani gari, har an manta ba a canza sunan garin a wasu shafuka ba. Akan kawo jerin sunayen mahalarta taron da ba a yi ba. Akan fara gini, sai daga baya a zo neman takarda, ana cewa a yi sauri. Ma'aikacin da ya sha ganin irin wannan ba ya saurin yarda da kowa, har da masu gaskiya.

Abin da na gani a wani gari

Na taɓa bibiyar ajin yaƙi da jahilci a wani gari da ke cikin kwari. Ƴan ajin ne suka kafa kwamitin da ya nemi a gina musu shingen baza ruwa, irin wanda ke rage gudun ƙorama domin ruwa ya shiga ƙasa, rijiyoyin lambu su daɗe ba su ƙafe ba. An samu kuɗi, an kai takarda bayan girbi.

Sau uku tana dawowa. Karo na farko an ce babu shaidar cewa masu gonakin da ruwa zai kwanta a kansu sun yarda. Mai gari ya ce ai kowa ya yarda a gabansa. Aka ce masa sai a rubuce. Karo na biyu wani mai dubawa ya tambaya ina dabbobi za su bi, domin zanen ya toshe wurin da burtali ke tsallaka ƙoramar. Karo na uku an ce a sake jera wasu shafuka, a gyara kan wani jadawali. Kafin a gama, ruwa ya sauka. Ɗan kwangila ya kwashe kayansa, duwatsun da matasa suka tara kuma ƙorama ta watsa su.

Mutane sun yi fushi, kuma ban ga laifinsu ba. Gyara na uku bai cancanci a rasa ko da mako ɗaya a kansa ba. Gyara na farko kuwa laifin gari ne, domin da an je wurin kwamitin filaye tun farko da an gama shi cikin ƴan kwanaki. Na biyu shi ne ya ba ni darasi. Lokacin da mai bincike ya zo, makiyaya suna arewa da dabbobinsu, babu wanda ya tuna da su. Da aka gusar da wurin ginin aka bar mashigar burtalin, sai ga shi bayan sakin gonaki garken shanu sun bi ta nan kwana da kwanaki. Da an gina shingen a wurin farko, da sun ratsa ta cikin lambuna, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka.

A shekara ta biyu sakatariyar kwamitin, wata mata da ta koyi rubutu a ajin nan, ta buɗe littafi. Duk ranar da takarda ta fita ko ta dawo, sai ta rubuta kwanan wata da abin da aka ce. Da aka so a sake tambayar abin da aka riga aka amsa, sai ta buɗe littafin ta karanta ranar da aka amsa shi. A ranin nan aka gina shingen.

Don mi ba za a bar binciken gaba ɗaya ba?

Mai fushi yakan ce a bar mutane su yi aikinsu kawai. Kafin ka yarda da shi, ka tuna da waɗannan abubuwa da suka faru a ƙasarmu.

A Tibiri, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiyar burtsatse aka fara ba gari ruwanta a tsakiyar shekarun 1980. Ruwan garau yake a ido, amma yana ɗauke da sinadarin fuliyor fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a cikin lita ɗaya, na Tibiri kuwa ya ninka haka. Shekara da shekaru yara suna sha. Haƙoran dubbai sun lalace, ƙasusuwan ɗaruruwa sun lanƙwashe. Gwajin ruwa a ɗakin bincike kafin a buɗe famfo, da maimaita shi lokaci-lokaci, shi ne irin abin da mai tantancewa yake nacewa a kai.

Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa. Bayan an gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ruwan da ke malalowa zuwa fadamun Madarunfa da Maraɗi ya ragu, manoman da ke jiran ambaliyar gulbi suka ji a jikinsu. Ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 domin raba ruwan da suke tarayya a kai. Darasin ya shafi ƙaramar madatsa ma: duk wanda ya tare ruwa, akwai wani a ƙasansa da ke jira.

A yankin Birnin Ƙonni, madatsun Mozage da Zango da ke kan Magiya su ne ke ba filin noman rani ruwa. Yashi da laka da ruwa ke kwasowa daga tuddai sun cike wani ɓangare na cikinsu, ruwan da suke tarawa ya ragu. Shi ya sa mai dubawa yake tambaya ko an tanadi gyaran ƙasa da dashen itatuwa a saman madatsa.

Ruwan da ya kwanta kuma yana tara sauro, yana raya dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, wato fitsarin jini. Idan rahoto bai ce komai a kan wannan ba, yaran garinku ne za su biya.

Abin da kwamitin gari zai yi tun da wuri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ake son farawa bayan girbi, a fara neman takardunsa tun ranin da ya gabata. Ga abubuwan da ke hannunku:

1. Ku warware maganar fili. Ku je wurin kwamitin filaye a rubuta takardar kyauta, ko ta sayarwa, ko ta aro, ko shaidar gado. Idan gonar ta magada ce, kowane magaji ya sani, har da mata da waɗanda suka tafi ci-rani.
2. Ku jera duk wanda zai yi asara: mai gona, mai aron gona, mai itacen da za a sare, mai rumfa, mai rijiya. Ku ƙirga itatuwan, ku rubuta irinsu.
3. Ku nemo makiyaya ko da ba sa nan. Ku aika wa ardo ko shugaban ruga, ku nuna wa mai bincike burtali, mashaya da makiyaya.
4. Ku sanar da garuruwan da ke ƙasanku a kan ƙoramar, ku gayyace su taro.
5. Ku nuna wuraren da ba a taɓawa: maƙabarta, filin idi, tsohuwar rijiya, wurin tarihi.
6. Ku faɗa wa injiniya abin da kuka sani. Dattijon da ya nuna inda ambaliya ta taɓa kaiwa a jikin itace ya ba shi abin da babu a taswira.
7. Idan aikin ruwan sha ne, ku nemi a gwada ruwan, a karanta muku sakamakon.
8. Ku tambayi mai aiki ko ya sa kuɗin bincike, na tantancewa da na diyya a cikin kasafi.
9. Ku buɗe littafi. Ku rubuta kowace ziyara, kowane alkawari da kwanan watansa. Duk takardar da kuka miƙa, ku riƙe kwafinta, a buga muku hatimin karɓa.

Kada ku yarda a fara gini kafin takarda ta fito, ko da ɗan kwangila ya matsa. Hukuma tana da ikon tsayar da aikin, kuma mai tallafi yana iya janye kuɗinsa.

Ranar taron jin ra'ayi

Wannan taro haƙƙinka ne, doka ce ta tanade shi. Ka nemi a yi bayani da harshen da jama'a ke ji. Kowane rahoto yana da taƙaitaccen bayani a farkonsa wanda aka rubuta domin waɗanda ba ƙwararru ba, sai ka nemi a fassara muku shi. Idan mata ba sa sakin jiki a gaban maza, a yi musu nasu zama. Kada a sa taron ranar kasuwa.

Ka yi tambayoyi kai tsaye. Ruwa zai kai ina? Gonar wa zai ci? Nawa ne diyya, kuma yaushe za a biya? Ina za a ɗebo yashi da tsakuwa, wa zai cike ramin bayan an gama? Idan abu ya lalace, wa za a kai wa kuka? A ƙarshe a karanta muku abin da aka rubuta kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kada ka sa hannu a farar takarda.

Idan amsa ta ƙi zuwa

Faɗa da ma'aikaci ba ya fitar da takarda. Ku fara da mai aiki, domin shi ne ya miƙa ta. Daga nan ku je ofishin muhalli na gunduma, sannan na jiha, tare da wakilin ƙaramar hukuma. Ku roƙi a ba da dukkan gyare-gyare a rubuce, a jere, lokaci ɗaya. Mai bincike kuma ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna shafin da ya gyara. Idan ma'aikatu biyu sun saɓa, ku nemi a haɗa su a wurin aikin, domin abin da aka yi wata ana musu a kansa a takarda yakan warware da an tsaya a bakin ƙorama. Idan wani ya nemi kuɗin da babu rasit, kada ku bayar.

Ga misalin wasiƙar tuni da za ku iya rubutawa, a juya muku ita zuwa faransanci:

"Zuwa ga Daraktan Muhalli na Jiha. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ƴan kwamitin raya garinmu muna tunatar da kai batun takardar aikin madatsarmu, wadda aka miƙa a ranar da ke jikin kwafin da muka haɗa da wannan wasiƙa. Muna roƙon a sanar da mu matakin da take, da abin da ya rage mu kawo. Aikin ba ya yiwuwa idan ruwa ya sauka, shi ya sa muke neman amsa kafin ƙarshen wannan wata. Mun gode. Allah ya ƙara girma."

Bayan takarda ta fito

Ku nemi kwafin kundin sharuɗɗa, ku ajiye shi wurin sakatare. A cikinsa ne aka rubuta itatuwan da za a dasa a madadin waɗanda aka sare, ramukan da za a cike, mashayar da za a gina da diyyar da za a biya. Masu bibiya daga ofis ba sa zuwa kullum, ku ne kuke wurin dare da rana. Idan ɗan kwangila ya tsallake wani sharaɗi, ku rubuta shi da kwanan wata, ku kai wa mai aiki da ofishin muhalli tun bai kwashe kayansa ba. A wannan rana takardar da ta wahalar da ku ita ce hujjarku.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Wane aiki aka taɓa yi a garinku wanda ya kawo wata ɓarna da ba a zata ba? Wa ya yi asara?
2. Ku zana taswirar ƙoramarku a ƙasa ko a allo. Ku nuna gonaki, burtali, mashaya da garuruwan da ke ƙasanku.
3. Su wa ne ƴan kwamitin filaye na garinku? Ku rubuta sunayensu a littafinku.
4. Idan kuna son fara gini a watan Disamba, a wane wata ya kamata ku fara tara takardu?
5. Kowa ya kwafi wasiƙar da ke sama, ya sa sunan garinsa da kwanan wata.